Mai cutar siliyak da cin cuku, wara da awara: me ya halatta, ina haɗarin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rimi, Kaduna. 'Yata mai shekara 9 likita ya tabbatar tana da cutar siliyak, an hana ta duk abin da ke da alkama. Tana son cuku da awara ƙwarai. Na karanta cewa wasu cuku suna ɗauke da gulutin, kuma ranar da na ba ta wara cikinta ya kumbura. In hana ta gaba ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya miki ita. Kada ki hana ta. Cuku na asali madara ce da gishiri da abin da ya daskarar da ita, babu gulutin a cikin ko ɗaya. Gulutin furotin ne na alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Ba ya cikin nonon saniya ko na akuya ko na raƙuma. Ko da dusar alkama ake ciyar da saniyar, kamar yadda masu kiwon gida ke yi a Rigasa da Kawo, cikinta ya narkar da ita, madararta ba za ta cutar da yarinyar ba. Inda matsala take shigowa shi ne abin da aka ƙara wa cukun bayan an yi shi, da abin da ya taɓa kafin ya iso bakinta. A aikina na tsara abincin marasa lafiya, na fi jin tsoron kaskon mai suya da injin niƙa a kan kowane cukun kanti.

Bari in fara da kumburin cikin, domin shi ne ya fi ɗaga miki hankali.

Bangon ƙaramin hanji yana da 'yan ƙananan tsiro masu yawa, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. Idan mai siliyak ya ci gulutin, garkuwar jikinsa ce ke far wa wannan bangon har tsiron su kwanta. To sukarin madara, wato laktos, sinadarin da ke narkar da shi a kan bakin waɗannan tsiron yake zaune. Idan sun lalace sai ya yi ƙaranci, sukarin ya wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin cikin hanjin su yi ta cin sa suna fitar da iska. Daga nan sai kumburi, da ƙugin ciki, wani lokaci da zawo. Wara ɗanyen cuku ne mai ruwa-ruwa, saboda haka akwai sauran laktos a jikinsa. Ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan, musamman idan ba a daɗe da cire mata alkama ba.

Bambancin yana da muhimmanci. Laktos yana sa rashin jin daɗi amma ba ya lalata hanji. Gulutin kuwa yana lalata hanji ko da yarinya ba ta ji komai ba. Sannan matsalar laktos ɗin, ga mafi yawan yara masu siliyak, ta wucin gadi ce: idan aka kiyaye abinci hanjin ya warke, cikin watanni sai ta ragu ko ta tafi. Na ce mafi yawa, domin akwai mutane da dama a cikinmu da jikinsu ke rage narkar da madara da zarar sun girma, ba tare da wata cuta ba. Kafin lokacin, ki fara da cukun da ya daɗe a ajiye ya yi tauri, irin su Cheddar da Gouda da Parmesan, waɗanda kusan babu sauran laktos a cikinsu. Kindirmo ma ya fi ɗanyar madara sauƙi a ciki. Ki ba ta kaɗan tare da abinci, ki lura da ita kwana biyu, sannan ki ƙara.

Dalilin da ya sa nake nacewa kada a hana ta shi ne ƙashi. Yaron da hanjinsa ya daɗe yana ciwo ya riga ya yi asarar kalsiyam da bitamin D da sinadarin ƙarfe, ga shi kuma 'yarki ta shiga shekarun da ƙashi ke ginuwa da sauri. A ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, daga shekara 9 zuwa 18 ana bukatar miligiram 1,300 na kalsiyam a rana. Kofin madara ɗaya yana ba da kusan 300, yankin Cheddar mai nauyin giram 30 kuma kusan 200. Idan aka cire alkama aka sake cire duk dangin madara saboda tsoro, an haɗa wa yarinya zafi biyu ba gaira ba dalili.

Yanzu ga namu na gida, wanda shi ne za ta fi ci.

Cukun da ake kawowa daga Nijar, busasshen nan mai faɗi da Buzaye da Fulanin yankin Tawa da Agadas ke yi, madara ce da ake daskararwa da ruwan tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi, a shanya a kan 'yar tabarmar ciyawa har ta bushe. Babu gari a cikin haɗinsa. Abin dubawa kawai shi ne yadda aka ajiye shi a kasuwa: idan yana zube a faranti ɗaya da alkaki ko gurasa ko biskit, ki wuce. Ki nemi wanda ke cikin ledarsa daban.

Wara kuwa, wanda matan Fulani ke yi, ana ɗumama madara ne a zuba mata ruwan ganyen tumfafiya, ta kama, a ci gaba da dafawa, a tace a 'yan kwanduna. Nan ma babu alkama. Idan kina da mai kawo miki nono daga ruga wadda kika sani, ki tambaye ta kai tsaye ko tana ƙara wani gari don ya yi auki. Mafi yawansu ba sa yi, kuma abin da aka fi sani ana ƙara wa nono shi ne ruwan garin kuka, wanda ba shi da gulutin. Wasu na cewa a ɗiga aidin a gani, in ya koma baƙi-baƙi to akwai sitaci. Gaskiya ne yana nuna sitaci, amma ba ya bambance na rogo da na alkama, saboda haka amfaninsa kaɗan ne. Sanin mai sayarwa ya fi wannan gwajin.

Awara ta waken soya ce, ba madara a cikinta, don haka ba ta da laktos kuma ba ta da gulutin. A takarda ita ce mafi aminci ga 'yarki. A bakin titi kuwa ita ce na fi yi wa kallon tsoro, kuma a nan gizo ke saƙa.

Ki bi ta daga farko. Waken da aka jiƙa, injin unguwa ake kai shi markaɗe. Injin nan shi ne ɗazu ya niƙa wa wata alkamar tuwo ko ta kunu ko ta alkaki, kuma ba wanda ke kwance shi ya wanke tsakanin niƙa da niƙa. Ruwan tsamin da ake daskarar da ita da shi, na kamun gero ne ko masara, ba laifi, amma shi ma ta injin ya biyo. Daga nan sai suya. Wasu masu awara suna tsoma ta cikin ƙwai kawai, wasu kuma suna barbaɗa fulawa ko su dama ta cikin ƙwan don ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras. Ko ba a sa fulawa ba, sau da yawa man da aka soya fanke ko cincin a ciki shi ne ake jefa awarar. Sannan ga mai haɗa awara da taliya da cokali ɗaya. A ƙarshe ga yaji, wanda kusan kullum da magi a cikinsa, kuma akwai nau'o'in magin da ake haɗawa da garin alkama, sai an duba jikin kwalinsu.

Mutane da yawa suna zaton zafin mai yana kashe gulutin. Ba ya kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ne, furotin ne, kuma ɓangaren da ke tayar da garkuwar jiki yana nan bayan suya. A 2021 an buga wani ɗan ƙaramin bincike a Amurka inda aka sayi soyayyen dankali sau 20 daga gidajen abinci masu soya shi a mai ɗaya da kayan fulawa. An sami gulutin a guda 9, biyar daga ciki sun haura iyakar da aka yarda da ita. Wato wani lokaci a tsira, wani lokaci a kamu, kuma ido ba ya nuna miki wanne ne a hannunki.

Ita wannan iyakar, miligiram 20 ce a cikin kowane kilo ɗaya na abinci. Ita ce ma'aunin hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita Tarayyar Turai ke bi, ita kuma hukumar abinci ta Amurka ta ɗauka a 2013. Don ki ga ƙanƙantar abin: wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 a kullum na tsawon wata uku ya isa ya taɓa bangon hanjin mai siliyak. Yankin burodi ɗaya yana ɗauke da dubbai. Ke nan ɓurɓushin da ya maƙale a wuƙa ko ya nutse a gindin kasko ba abin rainawa ba ne idan kullum ake samunsa.

Shawarata a kan awara ita ce ki yi da kanki. Ki tsince waken da kyau, domin a buhun kasuwa ƙwayar hatsi takan faɗa cikin wani. Ki markaɗa a bilenda a gida, ki daskarar da ruwan tsamiya ko lemun tsami, ki soya a man da kika ware mata. Wahala ce, na sani, ga wutar da ba ta zama. Idan dole sai an je inji, ki nemi mai injin da markaɗen jiƙaƙƙen abu kawai yake yi, irin su wake da tattasai, ki sa a zuba ruwa a wanke, a fara tura ɗan kaɗan a zubar da shi kafin a tari naki. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Haka za ki yi da garin tuwonta na masara ko dawa ko gero, da accar da ake kawowa daga kudancin Kaduna da Filato, wadda ita ma ba ta da gulutin ko kaɗan.

Sai cukun kanti, irin wanda ake samu a manyan shagunan Barnawa da Malali da kan titin Ahmadu Bello. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: gwargwadon yadda aka sarrafa shi, gwargwadon yadda za ki tsaya karatu. Dunƙulallen Cheddar ko Gouda ko Mozzarella da ke cikin ledar kamfani a rufe, wanda jerin kayan haɗinsa bai wuce madara da gishiri da abin daskararwa ba, ki saya hankalinki kwance. Wanda aka gurza aka zuba a leda, ana barbaɗa masa wani gari don kada ya manne. Galibi sitacin dankali ne ko na masara ko selulos, duk ba matsala, amma lokaci-lokaci akan sami na alkama. Gara ki sayi dunƙule ki gurza da kanki, ya ma fi arha. Cukun shafawa, da 'yan fallayen nan da ake sa wa a burodi, da mai kusurwa uku da ake naɗewa a takardar azurfa, duk narkakken cuku ne da aka haɗa da wasu abubuwa. Yawancinsu ba su da alkama, amma kowanne sai an karanta, kuma a sake karantawa duk lokacin da aka saya, domin kamfani yakan canza haɗi ba sanarwa. Wanda aka ce an sa masa ɗanɗanon hayaƙi ko kayan ƙamshi ko an wanke bayansa da giya, ki bar shi. Giyar takan zama ta sha'ir, ga kuma haramcinta.

Abin da idonki zai nema a jikin leda, in da Turanci aka rubuta, shi ne wheat, barley, rye da malt. In kayan sun shigo ta Nijar ko Kwatano ne da rubutun Faransanci, ki nemi blé, orge, seigle. Kayan Turai da Ingila doka ta tilasta a fito da sunan waɗannan hatsin fili a cikin jerin kayan haɗi, galibi da baƙin rubutu mai kauri. Na Amurka kuwa dokarsu alkama kawai ta tilasta a ambata, ban da sha'ir da rai, don haka a nasu sai kin nemi malt da kanki. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba shaida ba ce cewa babu gulutin. Idan kuma kika ga an yanko cuku daga babban dunƙule an naɗe a leda ba tare da takardar kamfani ba, ko ana yanka shi da injin da ake yanka tsiran nama, kada ki saya mata. Tsiran nama sau da yawa da garin burodi ake haɗa shi.

Za ki ci karo da dogon surutu a intanet a kan shuɗin cuku, irin su Roquefort na Faransa, wai a kan burodin rai ake renon fumfunar da ke ba shi launi. Asalin maganar gaskiya ne, haka ake yi a gargajiyance. Amma gwajin da aka yi a Kanada bai gano gulutin a cikinsa ba, kuma ƙungiyoyin masu siliyak na can sun sa shi cikin abin da ake ci. Ban ma ga yarinya 'yar shekara 9 a Kaduna da za ta so warinsa ba. Kada ya ɗauke miki hankali daga kasko.

Tunda ana maganar karanta leda, ga wani abu da ba na gulutin ba amma na san za ki so ki sani: abin daskarar da cukun Turai wani lokaci daga tumbin maraƙi ake samo shi. In wannan ya dame ki, ki nemi mai tambarin halal ko wanda aka rubuta ya dace da marasa cin nama. Hukuncinsa kuwa na malamai ne.

Inda yara suka fi faɗawa shi ne abincin da cuku ke ciki, ba cukun kansa ba. Fiza, shawarma, samosa, mitfai, makaroni mai cuku, biskit da kayan ƙwalam masu ɗanɗanon cuku, dukkansu alkama ce. Farar miyar cuku da ake zubawa a kan taliya ko dankali a gidajen abinci, da fulawa ake kaurara ta. Kuma ba a ɗebe cukun saman fiza a ba ta a ce ai ba ta ci burodin ba. A gida, ki ware mata wuƙa da katakon yanka da magurji. Robar cukun shafawa ko bota da 'yan'uwanta ke tsoma wuƙa bayan sun shafa a burodi ta riga ta gurɓata. Ki saya mata tata, ki rubuta sunanta a murfin. Ranar da ake kwaɓa fulawa a kicin, a rufe abincinta, domin garin yana tashi ya sauka a kan komai.

Akwai kuma haɗarin da ba ruwansa da siliyak, wanda ke jikin madarar da ba a dafa ba. Ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka na shanu da ƙwayar listeriya. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe su. Wara yana shan wuta wajen yin sa, amma bayan nan yana zama cikin ruwa a rana, hannaye na shiga suna fita. Ki sake tafasa shi da ɗan gishiri ko ki soya kafin ki ba ta, kuma a cinye a ranar ko washegari, musamman a zafin Maris da Afrilu. In ya fara yauƙi ko tsami, a zubar. Busasshen cukun Nijar galibi da ɗanyar madara ake yin sa, saboda haka ki gasa shi sosai a kan wuta. Na faɗi wannan ne don wani lokaci zawon da uwa ke ɗora wa gulutin, lalataccen wara ne kawai.

Ki koma wurin likitanta a kan lokacin da ya ba ku. Gwajin jinin tTG shi ne zai nuna ko gulutin na satar hanya yana shiga: ana sa ran adadin ya riƙa sauka a hankali, wani lokaci ya kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya daidaita. In ya ƙi sauka, sai a zauna a bi abincinta ɗaya bayan ɗaya, har da na makaranta da na Islamiyya da na gidan kakanni, inda ake cewa "ɗan kaɗan ba zai yi komai ba". A nemi a duba mata yawan jini da bitamin D, a riƙa auna tsawonta da nauyinta. Idan kina bukatar mai tsara abinci, ki tambayi sashen abinci a Asibitin Barau Dikko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In kumburin ya ci gaba ko da cuku mai tauri ne, ko ya zo da amai ko ƙuraje ko kumburin leɓe, ki dakatar da dangin madara ki kai ta asibiti, domin wannan na iya zama rashin jituwa da furotin ɗin madarar kanta, wanda wata matsala ce daban.

Cutar tana bin jini. Kusan mutum ɗaya cikin goma na iyaye da 'yan'uwan mai siliyak na ciki ɗaya suna da ita, wasu ba tare da alama ba. Ke da Alhaji da sauran yaran ya kamata ku yi gwajin, kuma ku yi shi kuna kan cin alkamarku yadda kuka saba. In kuka daina ci don taya ta kafin a ɗebi jinin, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan.